Hanyar da muka bi da jaririnmu daga ɗakin haihuwa a Legas zuwa dashen ɓargo

Akwai wata cuta ta gado da likitoci ke kira SCID, wadda ke sa a haifi jariri ba tare da garkuwar jikin da za ta kare shi daga cututtuka ba. Jaririn yakan zo duniya da ƙibarsa da kyawunsa, yana kama nono, yana kuka da ƙarfi, babu wata alama a jikinsa da za ta sa ungozoma ko likita su tsaya; amma idan ba a gano matsalar da wuri an yi masa dashen ɓargo ba, da wuya ya kai shekara biyu. Ni malamin makarantar sakandare ne a Agege, asalina Bakano, kuma biyu daga cikin 'ya'yana uku da wannan cuta suka zo. Na farko ya rasu ba mu san sunan abin da ke damunsa ba, na biyu yana raye. Bayan ikon Allah, abin da ya raba tsakaninsu shi ne wani gwajin jini mai araha da aka yi a ranar haihuwa kafin a yi wa jaririn kowace allura, kuma abin da ya sa aka yi wannan gwaji shi ne takardun asibitin yayansa da muka adana.

An haifi ɗanmu na fari a ƙarshen shekarar 2018, aka yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a damtsen hagu, aka ɗiga masa maganin shan-inna kafin mu bar asibiti, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a Najeriya. Watanni uku na farko lafiya lau. Daga nan sai wani farin abu ya lulluɓe masa harshe da cikin kumatu, a ba shi magani ya tafi, a daina ya dawo. Gudawa ta zo ta ƙi tsayawa, tari ya biyo baya, wurin allurar nan ya ƙi warkewa har ya zama gyambo, kaluluwa ta fito masa a hammata, nauyinsa kuma ya tsaya cik sannan ya fara raguwa. An gwada mu duka ukun ko ƙanjamau ce, ba a samu komai ba. Ya rasu yana da wata bakwai.

Bayan an share makoki, likitar yaran da ta duba shi a makonninsa na ƙarshe ta nemi in koma ta gan ni. Abu biyu ta nuna mini. Na farko hoton ƙirjinsa ne: ta ce a bayan ƙashin ƙirjin kowane jariri akwai wata 'yar halitta da ake kira taimos, inda wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna ƙwayoyin T suke ƙosawa su koyi aikinsu, kuma inuwarta kan fito sarai a hoton jariri, amma a nasa babu ita. Na biyu takardar ƙidayar jini ce, inda ta ɗora yatsa a kan adadin limfosait, wato rukunin fararen ƙwayoyin da ƙwayoyin T suke ciki. Ta ce jariri mai lafiya ya fi babban mutum yawan waɗannan ƙwayoyi nesa ba kusa ba, saboda haka adadin da za a gani a jinin babba a wuce ba tare da damuwa ba, a jinin jariri yana iya zama alamar babban haɗari. Sannan ta tambaye ni: “Malam, kai da matarka 'yan'uwa ne?” Na ce 'yar gwaggona ce. Ta tambaya ko an taɓa rasa jarirai a dangi ta irin wannan hanya, na gaya mata Gwaggo, wadda ita ma auren zumunci ta yi, ta binne biyu kafin ta haifi matata, har mutane suna cewa wabi take yi.

Likitar ba ta ce ta tabbatar ba, domin yaron ya riga ya tafi, amma ta zayyana mini yadda gadon yake tafiya. Kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda kwafinsa ɗaya ne ya samu tangarɗa lafiyarsa ƙalau, ba zai taɓa sanin yana ɗauke da komai ba. Sai idan ya haɗu da mai irin tangarɗarsa, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 jaririn ya ɗauki kwafi biyun marasa aiki. Wanda ya fahimci yadda sikila take zuwa daga AS da AS ya fahimci wannan. Akwai wani nau'in na daban da ke biyowa ta wajen uwa kawai yana kama 'ya'ya maza, shi ne ya fi yawa a Amurka, amma a wuraren da ake yawan auren zumunci wanda ke zuwa daga iyaye biyu ya fi fitowa. Na riƙe wannan bayani da kyau, domin a lokacin an fara tsegumi a dangi cewa nonon matata ne ba shi da kyau, kuma a irin wannan hali mace ce kullum ake fara nunawa da yatsa. Rabin abin daga jikina yake, kuma haka na riƙa faɗa wa duk wanda ya ɗauko zancen.

Na tambaye ta me ya sa yaron ya yi watanni uku yana cikin ƙoshin lafiya idan tun farko ba shi da garkuwa. Ta ce a watannin ƙarshe na ciki uwa takan zuba wa ɗanta nata sinadaran garkuwa ta mabiyiya, su ne suke tsare shi bayan haihuwa, amma tsakanin wata uku zuwa shida sukan ƙare. Zanen aro ne, ba ya rufe katara: jariri mai lafiya kafin aron ya ƙare ya fara yin nasa, mai wannan cuta kuwa sai ya tsaya ba kariya. Ta kuma bayyana mini cewa allurar BCG da ɗigon shan-inna suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu rai waɗanda aka raunana, jikin da ke da garkuwa yana murƙushe su ya koyi darasi, jikin da ba shi da ita kuwa su suke yaɗuwa a cikinsa.

A Amurka ana gano irin waɗannan jarirai ne ta hanyar ɗigon jinin da ake ɗauka daga diddigen kowane jariri. Jihar Wisconsin ce ta fara wannan gwaji a 2008, zuwa ƙarshen 2018 kuma dukkan jihohin ƙasar sun shiga, kuma wani bincike da aka buga a 2014 kan jarirai fiye da miliyan 3 ya nuna ana samun ɗaya a cikin kusan 58,000. Mu a nan ba a yi wa jarirai wannan gwaji a ɗakin haihuwa. Saboda haka likitar ta ce abin da zai tsaya mana a madadinsa shi ne tarihin gidanmu, ta ba ni kwafin takardun yaron, ta ce in adana su, kuma da zarar matata ta sake samun ciki mu zo wurinta tun kafin a yi nisa da awo.

Haka muka yi a 2020. Ta rubuta wasiƙa aka liƙa a katin awo, tana cewa kada a yi wa jaririn BCG, kada a ɗiga masa maganin shan-inna, sai an ɗebi jininsa an ƙidaya limfosait. Allurar ciwon hanta kuwa a yi, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta. Ni ma na riƙe kwafi a aljihu, na karanta wa kowace ma'aikaciyar jinya da ta karɓi aiki, domin a ɗakin haihuwa mai cunkoso rigakafi abu ne da hannu ya saba yi ba tare da an tsaya duba kati ba. Aka haifi 'yarmu Ummi, ƙidayar ta fito da kyau. Duk da haka likitar ta sa aka yi gwaji na biyu mai rarrabe rukunonin limfosait, wato ƙwayoyin T da na B (masu yin sinadaran garkuwa) da na NK, domin a wasu nau'o'in cutar, ko idan ƙwayoyin uwa sun tsallaka cikin jinin jariri, jimillar takan yi kamar daidai take alhali akwai matsala. Shi ma ya fito da kyau, aka yi mata rigakafinta cikakke.

A farkon watan Mayun 2023 aka haifi na uku, namiji, muna kiransa Abba. Aka bi tsarin nan ba a sauya komai ba. Da yamma takarda ta fito: limfosait ɗinsa ba su kai 800 a kowace mikrolita ta jini ba, alhali likitar ta gaya mana tun farko cewa duk abin da ya gaza 2,500 a jinin sabon haihuwa abin bincike ne. Gwaji na biyu an yi shi ne a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa, domin na'urorin ƙidayar CD4 (wani rukuni na ƙwayoyin T) da suka yawaita a asibitocinmu saboda masu ƙanjamau ba su cika nuna dukkan rukunonin da ake nema ba. Sakamakon ya nuna babu ƙwayoyin T, babu na B, sai na NK kaɗai. Ina tsaye ina kallon yaron yana barci, jajir da shi, ba abin da ke damunsa, matata ta dube ni ta ce: “Yaya, irin na wancan ne?” Na ce irinsa ne, amma wannan mun riga cutar zuwa.

Daga ranar aikinmu ya zama ɗaya tak: kada wata cuta ta kama shi kafin a yi dashe. Wanda ya san yadda muke zaune a Agege, gidan haya mai ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, yara suna shiga ko'ina, ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yayana da ke kasuwancin albasa a kasuwar Mile 12 ya bar mana wani ɓangare na gidansa mai ƙofarsa daban da banɗakinsa. Ba mai shiga ɗakin sai ni da uwarsa, mu ma sai mun wanke hannu da sabulu, mun sauya tufafi, ni kuma na sa takunkumi tun da ina fita cikin ɗalibai. Muka cire Ummi daga makarantar renon yara, domin mura da gudawa daga can suke shigowa gida. Ruwan da za a taɓa shi da shi sai an tafasa.

Abin da ya fi nauyi a kan mutane shi ne barka da suna. An raɗa suna a masallaci ranar bakwai, an yanka rago an raba, amma ba a yi taron mata ba, ba a fito da jariri ba, ba a kira wanzami ba, babu aski, babu cire beli, kaciya ma aka ɗage. Gwaggo ta taso daga Kano domin wankan jego, ta iske an ce ba za ta ɗauki jikanta ba. Ta ce mini: “Kai yanzu ni za ka hana ɗaukar ɗan 'yata? Ni mayya ce?” Na durƙusa na ce: “Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki. Ba ke ake gudu ba, murar da ba za ta hana ki zuwa kasuwa ba ita ce za ta iya kashe shi.” Na ɗauko takardun marigayin, na gaya mata abin da likita ta ce game da nata biyun da ta binne. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta tambaye ni ko su ma da an gano da sun rayu. Na ce Allah ne masani, amma a wancan zamanin ba wanda zai iya ganowa a inda take. Daga ranar ita ce ta zama mai tsaron ƙofa, kuma ba wanda ya isa ya wuce ta, wanda ni da kaina ba zan iya yi wa manyan dangi ba.

Sai maganar nono. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira CMV, wadda yawancin manya a ƙasashenmu suna ɗauke da ita ba su sani ba, tana kuma bi ta nono, kuma ga jariri irin namu tana iya lalata huhu da hanta da ido. Aka ce matata ta dakatar da shayarwa har a gwada ta, gwajin ya nuna tana da ita, aka ce a koma madarar gwangwani gaba ɗaya, ana haɗa ta da tafasasshen ruwa. A cikin dukkan abin da muka bi, ban ga wanda ya karya mata zuciya kamar wannan ba: ga jego, ga nono ya cika yana mata ciwo, ga yaro yana nema. Ina so mai karatu ya lura cewa wannan hukunci ne na likita a kan jariri guda mai cuta guda. Ga sauran jarirai nonon uwa shi ne mafi alheri, kuma babu wanda ya kamata ya yanke shi da ra'ayin kansa.

An sa shi a kan Septrin domin kare shi daga wani ciwon huhu da ke yawan kashe irin waɗannan yara, da maganin hana farin bakin nan, sannan duk bayan mako uku zuwa huɗu ana yi masa ƙarin imunoglobulin, wato sinadarin garkuwa da ake tacewa daga jinin mutane masu yawa, ta jijiya. Yana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, sai an yi oda tun da wuri. An kuma gargaɗe mu cewa ko da larura ta taso kada a yi masa ƙarin jini irin na yau da kullum, sai wanda aka tace aka kuma haska da na'ura, domin fararen ƙwayoyin mai bayarwa suna iya far wa jikinsa. Masu ɗigon shan-inna da ke bi gida gida sun zo, na hana a ɗiga wa Ummi, domin ƙwayar takan fita ta bayan gidan yaron da aka ɗiga wa ta kama na kusa da shi. Na nuna musu wasiƙar likita, aka yi mata na allura a asibiti. Ina taka-tsantsan da wannan zance, domin ni Bakano ne, na san abin da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ya jawo mana. Rigakafi ba abokin gabarmu ba ne. Yaran unguwa da aka yi wa allurar ƙyanda su ne suka hana ƙyanda isowa ƙofar ɗana a lokacin da ba shi da abin kare kansa.

Duk waɗannan matakai sayen lokaci ne kawai. Maganin shi ne dashen ɓargo, wato a ɗauko ƙwayoyin da ke haifar da jini daga mai lafiya a zuba wa jaririn, su zauna a ƙashinsa su gina masa garkuwa. An fara yin nasarar wannan aiki a kan mai wannan cuta tun 1968 a jihar Minnesota ta Amurka. Likitar ta nuna mini alƙaluman wani bincike na 2014 a kan jarirai 240 da aka yi wa dashe a Amurka da Kanada: waɗanda aka yi wa kafin su wuce wata uku da rabi, kashi 94 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar; waɗanda suka wuce wannan lokaci kuma suna fama da wata cuta a sa'ad da aka yi, kashi 50 ne. Wannan wata uku da rabi shi ne ya zama ma'aunin duk abin da muka yi. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ya fara nasa a 2024 tare da gidauniyar masu sikila, amma waɗannan shirye-shirye a kan sikila suka fi mayar da hankali, na Legas ɗin ma bai fara ba a lokacinmu. Likitar ta haɗa mu da wani asibiti a birnin Chennai na Indiya mai sashen dashen ɓargon yara.

Mataki na gaba shi ne neman wanda ɓargonsa ya dace, ta gwajin da ake kira HLA. An ɗebi samfurin mu huɗu aka aika Indiya, tare da na binciken ƙwayar gadon. Ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 ya dace gaba ɗaya. Idan ba a samu ba ana iya amfani da na uwa ko uba, wanda rabi yake dacewa, sai dai aikin ya fi wuya. Ummi ta dace gaba ɗaya. Na yi sujada, sannan wani nauyin ya hau kaina, domin yarinya ce 'yar shekara uku da ba ta san abin da ake ciki ba, za a sa ta barci a huda mata ƙashi. Na kuma karanta labarin David Vetter, yaron nan na birnin Houston da aka haifa a 1971, ya rayu shekara 12 a cikin killataccen tanti na roba, ya rasu a 1984 bayan an dasa masa ɓargon yayarsa wanda wata ƙwayar cuta ta ɓuya a ciki. Na kai wa likitocin wannan tsoro, suka ce nata bai dace da nasa gaba ɗaya ba, kuma yanzu ana binciken mai bayarwa kan waɗannan ƙwayoyi kafin a taɓa shi. Game da Ummi kuma, abin da za a ɗiba kaɗan ne tun da mai karɓa jariri ne, jikinta zai mayar da shi cikin 'yan makonni. Na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ya ce ceton rai ne, matuƙar likitoci sun tabbatar ba za a cutar da ita ba.

Kuɗi da takardu suka tafi tare. Sai da aka yi wa jariri takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, da lambar zama ɗan ƙasa, sannan fasfo, wanda dole a kai shi a ɗauki hotonsa. Mun je da sassafe, uwarsa ta zauna da shi a cikin mota har aka kira mu. Sai bizar jinya tasa da ta masu rakiya, bisa wasiƙar gayyata daga asibitin, da katin rigakafin shawara namu manya. Na sayar da filina na Kano, matata ta sayar da gwalagwalanta, yayana ya kai maganar gaban abokan kasuwancinsa, aka yi gidauniya a masallatan Agege bayan sallar Juma'a, malaman makarantarmu, Yarbawa da Ibo da Hausawa, suka haɗa nasu. Muna cikin tarawa, a tsakiyar watan Yuni gwamnati ta saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a kasuwar hukuma, abin da muka tara ya zube daraja cikin kwanaki. Sai da aka sake zagaye na biyu, kuma a wannan shekara da yawa daga cikin danginmu kuɗin ragon layyarsu suka ba mu.

Mun tashi a watan Yuli ta Addis Ababa, uwarsa ta rufe shi da mayafi mara nauyi a jikinta tun daga filin jirgin Ikeja, muka nemi kujerun gefen taga, ba wanda ya taɓa shi. Kafin mu isa sakamakon binciken gado ya fito: tangarɗa ce a ƙwayar da ake kira RAG1, kwafi ɗaya daga gare ni ɗaya daga uwarsa, Ummi kuma tana ɗauke da kwafi ɗaya kamarmu, wanda ba ya hana ta bayarwa. Akwai nau'in cutar da ake iya gyara wa ƙwayar gadon kanta, kamar na ƙarancin sinadarin ADA wanda Turai ta amince da maganinsa a 2016, amma namu dashe ne hanyarsa.

An kwantar da shi a ɗaki mai tace iska, aka sa masa siririn bututu a babbar jijiyar ƙirji. Saboda irin nau'insa, likitoci suka ba shi magani mai ƙarfi na 'yan kwanaki, a rage masa nasa ɓargon domin sabon ya samu wurin zama, har ƙwayoyin B ma su fito. Ranar dashen aka shiga da Ummi ɗakin tiyata da safe, aka zuƙo ɓargon da allura daga bayan ƙashin ƙugunta, kafin azahar ta farka tana neman shayi. Dashen kansa ba tiyata ba ne: jaka ce ƙarama mai jan ruwa aka rataya, ya riƙa ɗiga ta bututun nan kamar ƙarin jini. Yaron bai kai wata uku ba a ranar, kuma babu wata cuta a jikinsa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsanani. Bakinsa ya yi gyambo saboda maganin, ya ƙi madara har aka koma ba shi ta hanci, zazzaɓi ya zo aka sa masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Kullum da safe ana ɗibar jini, mu kuma muna jiran lamba. A cikin mako na uku fararen ƙwayoyin suka fara hawa. Daga baya wasu jajayen ƙuraje suka fito masa a tafin hannu da kumatu, alamar sababbin ƙwayoyin sun fara faɗa da jikin da suka shiga, aka ƙara masa magani suka kwanta. Ƙwayoyin T sun fi jinkiri, domin sai sun bi ta taimos ɗin nan sun ƙosa, abin da ke ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Da aka yi gwajin da ke nuna na wa ne ƙwayoyin da ke yawo a jininsa, sai aka ga mafi yawansu na Ummi ne.

Mun dawo Legas a farkon 2024 da jakar magunguna da takarda mai tsawo zuwa ga likitarmu. Ita ce ta ci gaba da duba shi, tana aika sakamako can suna ba da shawara. An janye maganin danne garkuwa sannu a hankali, an ci gaba da imunoglobulin har aka tabbatar jikinsa ya fara yin nasa, sannan aka fara masa rigakafi daga farko, da alluran da ba su da ƙwaya mai rai. Masu rai sai ranar da likitoci suka ba da izini. Murar farko da ya yi ta hana mu barci, ta kuma tafi da kanta cikin 'yan kwanaki. Yanzu yana gudu a tsakar gida tare da sauran yara, ana auna jininsa lokaci lokaci, kuma za a ci gaba da bibiyar girmansa shekaru masu zuwa saboda maganin da ya sha yana jariri.

Game da auren zumunci, an tambaye ni sau da yawa ko yanzu ina hana shi. Ba na hanawa, domin mafi yawan 'yan'uwan da suka auri juna 'ya'yansu lafiya suke, kuma ni ban ga matar da ta fi tawa ba. Abin da nake cewa shi ne gidan da aka binne jariri bayan farin baki da gudawa da tari da suka ƙi jin magani, ko wanda wurin allurar BCG ɗinsa ya zama gyambo, musamman idan an maimaita, to a adana takardunsa, a kai su wurin likitan yara tun cikin na gaba yana ƙarami, a nemi ƙidayar limfosait a ranar haihuwa kafin rigakafi. A gidanmu abin ya zo da sauƙi yanzu, tun da an san ainihin tangarɗar da ake nema, gwajin manya ba ya ɗaukar dogon bincike. Ƙanina yana neman auren 'yar kawunmu, kuma kamar yadda ake neman takardar sikila kafin ɗaurin aure, Gwaggo da kanta ta ce a ƙara da wannan. An ɗebi jininsu su biyun an aika, iyaye kuma sun amince ba za a sa rana ba sai sakamako ya dawo.